Yadda Ake Zaɓen Man Juye: Bayani Ga Masu Motoci, Babura Da Injinan Ban-Ruwa A Dangoma Da Kewaye

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan al'ummar garin Dangoma da sauran garuruwa da ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kalgo, a Masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, game da baƙin man da ake zuba wa inji, wanda direbobi da makanikai ke kira man juye. Haka kuma bayanin ya shafi jami'an ƙananan hukumomi waɗanda aka ɗora wa nauyin sayen kayayyaki da kula da motocin gwamnati, taraktoci da janaretocin asibitoci.

Kamar yadda kowa ya sani, a yau rayuwar karkara ta dogara ƙwarai a kan inji. Da babur ake kai mara lafiya asibiti a Kalgo ko Birnin Kebbi, da mota ake kai amfanin gona da dabbobi kasuwar Jega, da injin ban-ruwa ake noman rani a fadamu, da injin niƙa kuma ake abincin gida. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara da na sabon inji ya yi tashin gwauron zabi. Manomin da injinsa ya buga a tsakiyar noman rani, lokacin da shinkafa ke ɗaukar ciki, yana iya yin asarar wahalar shekara guda kafin ya haɗa kuɗin wani. Sau da yawa kuwa, in aka bincika, za a tarar musabbabin wannan asara ɗan man da bai kai lita guda ba ne, wanda aka saya a kwalba ba tare da an san ko mene ne a cikinta ba.

Abin da wannan bayani ke son jama'a su riƙe shi ne: ingancin man juye a rubuce yake a jikin galan, cikin alamomi guda biyu. Ta farko tana nuna kaurin man, ta biyu tana nuna darajarsa. Duk wanda ya iya karanta waɗannan alamomi, ya kuma san abin da injinsa ke buƙata, da wuya a cuce shi.

Aikin Da Mai Ke Yi A Cikin Inji

A cikin kowane inji akwai ƙarafa masu gogayya da juna cikin tsananin sauri, kamar fistin da ringi da karanshaf. A mota mai tafiya a kan hanya, karanshaf yakan juya sau dubu biyu zuwa dubu uku a cikin minti ɗaya. Aikin mai na farko shi ne ya shiga tsakanin waɗannan ƙarafa ya zama shimfiɗa, domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Na biyu, yana ɗebe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa. Na uku, yana wanke dattin da ƙonewar fetur ko gas ke bari, ya riƙe shi a jikinsa har ranar juye. Na huɗu, yana toshe ɗan ratar da ke tsakanin ringi da bangon silinda domin ƙarfin inji kada ya zurare. Na biyar, yana hana tsatsa.

Mai ba ya iya waɗannan ayyuka shi kaɗai. Kowane man juye na ƙwarai haɗi ne na abubuwa biyu: tushen mai, wanda galibi shi ne kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, da kuma sinadaran da ake ƙarawa domin wanki, hana kumfa, hana tsatsa da rage cin ƙarfe. Waɗannan sinadarai su ne masu tsada, kuma ido ba ya ganinsu, yatsa ba ya jin su. Saboda haka al'adar nan ta murza mai a tsakanin yatsu biyu a ce "wannan yana da kauri, mai kyau ne" ba ta nuna komai game da ingancinsa. Tushen mai zalla, wanda ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, yana iya fin man gaske kauri da ƙyalli.

Alama Ta Farko: Lambar Kauri

A jikin kowane galan za a ga haruffa uku, SAE, sannan lambobi kamar 20W-50, 15W-40, 10W-30, 5W-30 ko 0W-20. SAE sunan wata ƙungiya ce ta injiniyoyin motoci da aka kafa a Amurka a shekarar 1905, kuma ma'auninta na kaurin mai shi ne duniya ke amfani da shi.

Domin fahimtar lambobin, a dubi man shanu. Da safiyar hunturu yakan daskare, da rana ta take kuma ya narke ya zama kamar ruwa. Haka man inji yake: sanyi na ƙara masa kauri, zafi na tsinka shi. Don haka ake auna shi sau biyu.

Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye. Harafin W shi ne farkon kalmar Turanci mai nufin lokacin sanyi. Ƙaramar lamba na nufin man zai yi saurin isa ko'ina a cikin inji da zarar an tayar da shi. Ke nan 5W ya fi 20W saurin zagaye inji da asuba. Wannan yana da muhimmanci, domin a 'yan daƙiƙun farko na tayar da inji, kafin mai ya hau sama, ƙarafa suka fi cin juna.

Lamba ta biyu, wato 20, 30, 40 ko 50, tana nuna kaurin man bayan inji ya ɗauki zafi. Ana auna ta ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, wato zafin tafasar ruwa. A wannan zafi, bisa ma'aunin da ake kira santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 40 yana tsakanin 12.5 da 16.3, shi kuma mai lamba 50 yana tsakanin 16.3 da 21.9. Ke nan a cikin inji mai zafi, lamba 50 tana iya kusan ninka lamba 30 a kauri.

Akwai kuma man da ke da lamba guda kawai, kamar SAE 40. Irin wannan ba a sa masa sinadarin da ke daidaita kauri tsakanin sanyi da zafi ba, don haka yakan yi nauyi da safe. Ya fi dacewa da tsofaffin injinan da ke aiki a wuri ɗaya, irin su injin niƙa, bai dace da motocin zamani ba.

Shin Zafin Ƙasarmu Ya Wajabta Mai Kauri?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi. Gaskiya ne cewa a watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki namu. Saboda haka da yawa daga cikin makanikai sun ɗauka cewa 20W-50 ne kaɗai ya dace da kowace mota. Wannan fahimta ta samo asali ne tun zamanin Peugeot 504 da 505 waɗanda kamfanin PAN ke harhaɗawa a Kaduna, kuma ga irin waɗannan motoci fahimtar daidai ce, domin an ƙera injinansu da rata mai faɗi tsakanin ƙarafa.

Sai dai injinan da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan sun bambanta. Ratar da ke tsakanin ƙarafansu ƙarama ce ƙwarai, hanyoyin da mai ke bi kuma siraɗa ne. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinsu suna da na'urar da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul ta hanyar matsin mai, wadda kamfanin Toyota ke kira VVT-i. In aka zuba wa irin wannan inji mai mai kauri fiye da kima, man zai yi jinkirin isa saman inji, motar za ta ƙara shan fetur, na'urar kuma tana iya daina aiki daidai. Misali, Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 da aka yi domin kasuwar Amurka, 5W-30 aka rubuta mata, ita kuma Camry ƙirar 2012 an rubuta mata 0W-20. Irin waɗannan motoci suna da yawa a cikin 'yan Kwatano da ke hannun jama'a.

Ya kamata a lura cewa inji mai lafiya, wanda lagiretonsa da fankarsa ke aiki, yana riƙe zafinsa ne a kusan digiri 90 zuwa 100, ko a Kalgo yake ko a ƙasar Turai. Zafin gari yana da tasiri, musamman ga motar da ke ɗaukar kaya masu nauyi, shi ya sa wasu kamfanoni ke ba da damar a ƙara kauri da mataki ɗaya a ƙasashe masu zafi. Amma wannan dama a cikin littafin motar ake dubawa. Galibi kuma an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba mai. Motar da ta tsufa har ta fara shan mai tana hayaƙi, mai mai kauri yana iya rage mata shan na ɗan lokaci, amma maganinta na gaskiya shi ne gyaran ringi.

Alama Ta Biyu: Darajar Mai

Mai biyu suna iya zama masu lamba ɗaya, a ce 20W-50, amma ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Abin da ke bambanta su shi ne alama ta biyu, wadda ke farawa da haruffan API, wato Cibiyar Man Fetur ta Amurka. Bayan API za a ga haruffa biyu.

In harafin farko S ne, man na injin fetur ne. Harafi na biyu shi ke nuna zamanin man, kuma duk yadda harafin ya yi nisa a jerin abacada, haka man ya fi inganci. An fito da SJ a 1996, SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, sannan SQ a 2025. Ƙa'idar ita ce sabon harafi yana iya maye gurbin tsoho a injin mota, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Motar da aka rubuta wa SL za a iya zuba mata SN, matuƙar lambar kauri ta dace. Motar da aka rubuta wa SN kuwa, ba a zuba mata SJ.

Ita cibiyar da kanta ta bayyana cewa duk darajojin da suka kama daga SA zuwa SH sun daina aiki. Ta ce SF bai dace da mafi yawan injinan da aka ƙera bayan 1988 ba, SG bayan 1993, SH kuma bayan 1996. Shi kuwa SA, wanda babu sinadarin kariya a cikinsa, bai dace da injin motar da aka ƙera bayan 1930 ba. Saboda haka duk wanda ya ga galan mai kyan kwali da arha, ya duba ya ga an rubuta SA, SB, SC ko SD, to ya ajiye shi. Araha ba ta ado.

In harafin farko C ne, man na injin gas ne, wato dizal, kamar tarakta, manyan motocin ɗaukar kaya, Hilux mai amfani da gas da manyan janaretoci. A nan akwai CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006 da CK-4 na 2016. Injin gas yana fitar da baƙin toka mai yawa, kuma ƙonewar gas na haifar da tsami mai cin ƙarfe, don haka man nasa yana ɗauke da sinadaran wanki masu ƙarfi. Kaurin da aka fi rubuta wa waɗannan injina shi ne 15W-40. In aka ga galan mai alama biyu, misali CI-4/SL, ma'anarsa ya cika sharuɗɗan injin gas da na fetur baki ɗaya. Man da ke da harafin S kaɗai ba a zuba shi a tarakta.

Masu motocin Turai irin su Golf, Sharan da Peugeot na baya-bayan nan za su ga wata alama, ACEA, wadda ta ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai ce, misali A3/B4. Wani lokaci kuma kamfanin motar yana da tasa lambar, kamar VW 502 00 ta kamfanin Volkswagen. In littafin mota ya ambaci irin wannan lamba, sai a nemi galan mai ɗauke da ita.

Man Gargajiya Da Na Sintetik

Ta fuskar tushe, mai ya kasu gida uku. Akwai wanda aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, shi ne mafi arha. Akwai sintetik, wanda aka sarrafa tushensa sosai a masana'anta, yana jure zafi, ba ya saurin lalacewa, kuma shi ne mafi tsada. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka gauraya biyun. Mai marasa kauri irin su 0W-20 kusan dukkansu sintetik ne. Ga tsohuwar mota, injin niƙa ko injin ban-ruwa, man gargajiya mai daraja ta ƙwarai wanda ake juyewa a kan lokaci ya wadatar. Kalmar sintetik a jikin galan ba ta ɗauke wa mai saye nauyin duba alamomin nan biyu ba.

Babura Da Keke Napep

Babura irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue da TVS suna da wani bambanci da mota wanda ya kamata kowane ɗan acaɓa ya sani. A mafi yawansu, mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, kuma faifan kulocin a cikin man yake. Man motocin zamani, musamman marasa kauri waɗanda aka yi domin rage shan fetur, suna ɗauke da sinadarin ƙara santsi. Wannan santsi alheri ne ga mota, amma a babur yana sa kuloci ya riƙa zamewa: a murɗa totur inji ya yi ƙara, babur kuwa ba ya ja, musamman in an yi lodi ko an shiga yashi.

Saboda haka ne tun shekarar 1998 masu ƙera ababen hawa na ƙasar Japan suka fito da ma'auni na musamman mai suna JASO. Mai babur ya nemi galan ko kwalbar da aka rubuta wa 4T tare da JASO MA ko MA2. Wanda aka rubuta wa MB an yi shi ne domin ƙananan baburan da ba a sa musu giya da ƙafa. Kaurin da aka saba rubuta wa baburan aiki shi ne 20W-40 ko 20W-50. Da yake injin babur iska ce ke sanyaya shi, kuma man da yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, man yana saurin gajiya, don haka juyensa ya fi na mota kusa. Mai Keke Napep shi ma ya bi abin da littafin kekensa ya ce.

Injin Ban-Ruwa Da Janareta

Tun bayan ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ƙananan injinan ban-ruwa suka ƙara yawa a fadamun jihar nan. Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne bisa tsarin injin Honda GX160. Littafin wannan inji ya nuna cewa yana ɗaukar mai kimanin lita 0.6, an fi son 10W-30 mai darajar SJ ko sama, a yi juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Manomi ya yi wa kansa lissafi. In yana ban-ruwa awa takwas a rana, kwana uku a mako, ya yi awa 24 ke nan a mako, zai cika awa 100 a cikin kusan wata guda. In kuwa kullum injin ke aiki, kamar wanda ake bayarwa haya, zai cika awa 100 cikin kwana goma sha uku. Ke nan wanda ya zuba mai a farkon noman rani bai sake juyewa ba sai bayan girbi, ya ninka wa'adin sau uku ko fiye. Irin wannan ƙaramin inji ba shi da filtar mai, duk dattin da ya shiga yana nan yana zagayawa. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba juye ba ne. Har ila yau, a ajiye injin a wuri mai daidai, domin in ya karkace a bakin rijiya, man zai taru gefe guda.

Shi kuwa ƙaramin janareta wanda ake gauraya masa mai da fetur, nasa man daban ne, an rubuta masa 2T, an yi shi ne domin ya ƙone tare da fetur. Yawancinsu kashi ɗaya na mai ake sa wa kashi hamsin na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, amma a duba abin da aka rubuta a jikin tankin. Zuba masa man mota, balle tsohon man da aka juye, yana toshe fulogi da salansa, ya kuma ƙara hayaƙi. A kuma tuna cewa hayaƙin janareta yana kisa, ba a kunna shi a cikin ɗaki ko kusa da taga.

Lokacin Juye

Littattafan motoci suna ba da wa'adi iri biyu: na aiki mai sauƙi da na aiki mai tsanani. Tafiya a hanya mai ƙura, ɗaukar kaya masu nauyi da yawan tsayawa inji na aiki duk suna cikin aiki mai tsanani, kuma wannan shi ne halin da motocin karkara ke ciki, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke cika sararin sama. A irin wannan hali, wa'adin da aka saba bayarwa shi ne kilomita 5,000 ko wata shida. A canja filtar mai tare da man, a kuma riƙa duba filtar iska, domin ƙurar da ta wuce ta tana komawa cikin mai ta zama kamar yashi mai goge ƙarfe.

A riƙa duba geji aƙalla sau ɗaya a mako, mota na tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe inji da 'yan mintoci. Man ya kasance tsakanin zane biyun da ke jikin gejin. Cikawa fiye da kima shi ma illa ne. Baƙin da mai ke yi bayan 'yan kwanaki, musamman a injin gas, alama ce ta yana wanke datti. Abin tsoro shi ne man da ya koma kalar shayi mai madara, domin ruwa ya shiga cikinsa, ko wanda ke warin fetur sosai. In jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji nan take, kada a ce bari a ƙarasa gari.

Hattara Da Jabun Mai

Mafi yawan tushen man da kamfanonin Nijeriya ke haɗawa daga waje ake shigo da shi, kasancewar sashen da ke samar da shi a matatar mai ta Kaduna ya daɗe ba ya aiki. Akwai kamfanoni masu lasisi da ke haɗa mai a cikin gida, a Legas, Kano, Kaduna, Ilorin da sauran wurare. Amma akwai kuma ɓata-gari da ke sayar da tushen mai zalla, ko su tace tsohon mai su sa masa kala, su ɗura a galan ɗin sanannun kamfanoni. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ke ba kayan da aka yi a gida shaidar MANCAP, waɗanda aka shigo da su kuma SONCAP. Ita kuma hukumar NMDPRA, wadda aka kafa bisa Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021, ita ke ba da lasisin haɗa mai da sayar da shi.

Ana shawartar jama'a da su kiyaye waɗannan matakai:

1. A sayi mai a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, a kuma karɓi rasit.
2. A tabbatar murfin galan a liƙe yake, ba a taɓa buɗe shi ba.
3. A duba lambar SAE, darajar API, lambar rukunin da aka yi man, ranar yi da adireshin kamfani.
4. A guji man awo na kwalba ko na durom wanda babu rubutu a jikinsa. In kuɗi bai kai na galan ba, manoma biyu ko uku su haɗa su sayi rufaffe su raba.
5. Mai abin hawa ya tsaya a buɗe galan a gabansa, a kuma zuba a gabansa.
6. Bayan an zuba, a huda galan ɗin ko a yanka shi, domin da shi masu jabu ke aiki. Kada a zuba ruwan sha, nono ko man girki a cikinsa.

Kira Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Motar ɗaukar marasa lafiya, tarakta da janaretan asibiti dukiyar al'umma ce, kuma amana ce a hannun jami'in da ke kula da su. Takardar odar da aka rubuta wa "man inji galan ashirin" kawai ta buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo mafi arha. Wajibi ne a rubuta lambar kauri da daraja a fili, misali "15W-40, API CI-4 ko sama, domin taraktoci", a kuma ware na motocin fetur da na babura daban. Ma'ajin sito ya gwada abin da aka kawo da abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Kowace mota da kowane janareta su kasance da littafin da ake rubuta ranar juye, kilomita ko awannin aiki, irin man da aka zuba da sunan wanda ya yi aikin. Malaman gona da masu unguwanni kuma su taimaka wajen karanta wa manoma waɗannan alamomi, musamman kafin shiga noman rani.

Tsohon Mai

Man da aka juye yana ɗauke da gubar ƙarafa da sinadaran da bincike ya tabbatar suna iya haddasa cutar dajin fata ga mai yawan taɓa su. Don haka ana jan hankalin makiyaya da su daina shafa shi a jikin shanu, awaki ko raƙuma da sunan maganin kaska ko ƙazuwa, domin dabba tana lasarsa, fata kuma tana tsotsarsa. A tuntuɓi malamin dabbobi. Kada a zubar da shi a gona, a fadama ko kusa da rijiya, domin kaɗan daga cikinsa na gurɓata ruwa mai yawan gaske. A tara shi a rufaffiyar jarka nesa da yara, a miƙa wa gareji ko gidan man da ke karɓa.

Kammalawa

Daga ƙarshe, ana kira ga kowane mai mota, babur ko inji da ya nemi sanin lambobi biyun da suka dace da abinsa, ya rubuta su a takarda ko a jikin injin, ya riƙa nuna su duk lokacin da ya je sayen mai. Wanda bai iya karatun boko ba, ya sa ɗansa ɗan makaranta ko malamin gona ya duba masa, domin mai tambaya ba ya ɓata. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu damina da rani masu albarka, amin.